Shekarar da 'Yar Gungu Ta Ƙi Fitar da Kai

Tungar Altine, Ngaski
Watan Yuni

Zuwa ga taubashiyata Christiana,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai Inna da ƙafafunta suka ƙara kumbura, yanzu iyakarta bakin ƙofa. Na ga Mamanki a Yelwa, ta ce kin rame a hoto. Kada ki yi mini dariyar takarda da biro. A Tunga sai an hau tudu ake samun sabis, in kuwa na tsaya a kasuwar Warra ina aika miki murya, kowa zai ji. Gara in rubuta a gida, ranar kasuwa in ɗauki hoton takardar in turo.

Kin tambayi yadda aka ƙare da gonar Babana. Ba a ƙare ba, ni dai ban ƙare ba. Tun ba a yi sadakar arba'in ba Baba Sallau, ƙanen Babana, ya buɗe rumbunmu ya kwashe irin 'Yar Gungu, ya kafa turakunsa a gonar bakin ruwa. Hujjarsa wai Babana Lawali bai bar namiji ba. Da shuka ta matso na cire kunya, na je na durƙusa masa a majalisa, na roƙi ɗan irin da zan yafa a bayan gida ko Inna ta ga ganyenta. Ya ce, "Ɗiya mace mi ta sani ga iri? Gidan Lawali ya rufe. Wanga iri na masu gida ne." Sai ya sa aka auno mini gyararriyar shinkafar buhu, ya ce in je in shuka wannan. Mutane suka yi dariya, har da waɗanda Babana ya sha tsallakarwa a jirginsa.

Ke kin tashi a Yelwa, wataƙila kin manta da 'Yar Gungu. Ita ce jar shinkafar da kakana, yayan kakarki, ya ƙullo a bakin rigarsa lokacin da ruwan dam ya cinye gungunmu aka kwaso mutane tudu. Kowa ya koma irin zamani, Babana kaɗai ya riƙe ta. Bara dorina ta shiga ta yi mata ɓarna, ɗan abin da ya tsira shi Baba Sallau ya kwashe, kuma duka ya shuka a gonar bakin ruwa. In akwai 'Yar Gungu a duniya yau, to a wannan 'yar gonar take.

Na tsane shi, Christiana. Na rubuta, na duba, ban goge ba. Ina zaune a rumfata ina yi wa mutane cajin waya, ina murmushi, raina kuwa yana bakin ruwa.

Bari in bar wannan. Mamanki ta ce wai aikinki haska wa kifi tocila. Jikar masunta ta tafi har Japan don haka? Ki yi mini bayani, in san abin da zan faɗa in an tambaye ni.

Taki,
Yasira

*

Japan
Watan Yuli

Yasira, baiwata,

Na gaishe ki, na gaida Inna, Allah ya sassauta mata ciwon. Ni lafiya, ramar kuwa ta rashin tuwo ce. Abin da Baba Sallau ya yi miki ya hana ni cin abinci ranar da na karanta. Ban da abin da zan ce sai Allah ya isa, ki kuma yi haƙuri.

Mama ba ta yi ƙarya ba, kifi nake haskawa, kuma kifin da ko a miya ba za ki gan shi ba. Ƙanana ne ƙwarai, jikinsu garau, ana hango cikinsu. Ga yadda abin yake. Duk mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, a cikin kowace kuma akwai umarnin gado masu ɗimbin yawa: na tsawo, na launi, na lokacin haihuwa. Ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Kowanne yana da makunni, kamar layukan cajin rumfarki, wani a kunne, wani a kashe. Mu so muke mu riƙe makunnin da hannunmu, ba tare da allura ko magani ba.

A ganyen shuka akwai wani sinadari da ke jin haske. Jan haske in ya taɓa shi sai ya sauya siffa, wani jan kuma da ya fi wannan duhu sai ya mayar da shi yadda yake. Wannan muke ara, mu saka a ƙwayoyin kifi, mu ɗaura shi da umarnin da muke so. Na haska wutsiya kaɗai, umarnin ya tashi a wutsiya kaɗai, sauran jikin bai san ana yi ba. Ranar da ya fara yi mini na yi guɗa a ɗakin gwaji, wani ɗan China ya zubar da shayinsa. Ana fata wata rana a iya kunna magani a daidai inda ciwo yake.

Kuma ban manta da 'Yar Gungu ba, kada ki raina ni. Na tuna Babanki yana cewa ko yaushe ka shuka ta, lokaci ɗaya take fitar da kai. Wannan sinadarin ne. Irin tsohuwar shinkafar nan tsawon dare take aunawa. Sai damina ta juya, dare ya yi tsawo, duhu bai yanke ba, sannan umarnin yin ciki yake tashi. In aka katse mata dare da haske, sai ta ɗauka lokaci bai yi ba, ta yi ta ganye. A nan ina bin gefen gonaki da keke. Duk gona ta nuna ta yi ja, amma inda fitilar titi take haskawa kore shar, babu kai. Manoma har ƙorafi suke kaiwa a rufe fitilun ta gefen gona.

To, ga abin da za ki faɗa: 'yar'uwarki ba ta haukace ba tukuna.

Uwargijiyarki,
Christiana

*

Tungar Altine
Watan Yuli

Christiana,

Muna lafiya, Inna ta amsa gaisuwa. Ruwa ya fara hawa. Na karanta takardarki har ta zauna mini a ka, musamman ƙarshenta.

Ina da tambaya, ki amsa mini dalla-dalla. Hasken da ke hana shinkafar yin ciki, sai ja, ko farin fitilar sola ma yana yi? Yaya ƙarfinsa zai kasance? Farin wata fa, me ya sa bai hana ta ba? Kuma daga wane lokaci abin ya fi kama ta? Ina da dalili.

Yasira

*

Japan
Watan Agusta

Yasira,

Lafiya lau nake, ina fatan haka a wurinku. Ba sai kin faɗi dalilin ba, na gane. Kin samo irin ke nan, kin shuka a bayan gida, kina tsoron fitilun rumfarki. Ban tambayi yadda kika samo ba, ban kuma faɗa wa Mama ba. Na yi murna har na taka rawa.

Ki yi hattara sosai. Farin fitilar sola yana ɗauke da ja a cikinsa, yana yi. Farin wata bai kai ba. Ki gwada haka: in kin tsaya kusa da shukar kina iya karanta rubutun takarda, to hasken ya isa ya yi ɓarna. Na tsakiyar dare ya fi muni. Lokacin da ya fi haɗari kuwa daga yanzu ne har ta yi ciki. Ki juya fitilun su ba ta baya, ko ki kashe su gaba ɗaya.

In ta nuna ki ajiye mini ko cikin tafin hannu ne. Ina so in kai ta inda ake adana iri, kada ta sake zama a hannun mutum ɗaya.

Christiana

*

Japan
Ƙarshen Satumba

Yasira,

Ina fatan kina lafiya, da Inna. Shirunki ya yi yawa, na ɗauka ruwa ne ya hana ku zuwa kasuwa. Jiya na yi waya da Mama, ta ba ni labari tana ta sa miki albarka. Wai kin shirya da Baba Sallau. Wai kin kwance manyan fitilun rumfarki kin kai masa kyauta, ya kafa a gonar 'Yar Gungu don korar dorina. Wai har a coci an kawo misali da ke, yarinyar da aka zalunta ta rama da alheri.

Da na ajiye wayar sai na gane. Babu wani iri a bayan gidanku, ko? Na zauna na auna miki komai, har yadda za ki gwada da takarda, ina rawa a ɗaki kamar sakara.

Yasira, ki je ki kashe fitilun nan. Yanzu ma in an kashe tana iya yin ciki kafin baƙin ruwa, ambaliyar nan ta lokacin sanyi, ya zo ya rufe gonar. Ba Baba Sallau kike kashewa ba. Shi yana da sauran gonakinsa na irin zamani, zai ci ya ƙoshi. Irin Babanki ne, kuma da bakinki kika ce babu wani. Na sa Mama ta shiga jirgi ta je ta gaya masa hasken zai hana shinkafar kai. Ban ce mata da gangan kika yi ba. Ban san har yaushe zan iya riƙe wannan ba.

Ki amsa mini.

Christiana

*

Tungar Altine
Watan Nuwamba

Taubashiyata,

Lafiya ƙalau muke, ni kam rabona da jin daɗin jikina irin na bana tun Babana yana da rai. Na ga takardarki tuntuni. Ban amsa ba don ba na so ki ɓata mini.

Ban yi miki ƙarya ba. Tambaya na yi, ke kika ƙara da abin da ranki ya so.

Ranar da na kai fitilun na durƙusa a daidai inda na durƙusa wancan karon. Na ce, "Baba, bara dorina ta yi mana ɓarna, kada bana ta maimaita." Ya daɗe yana duban fuskata, sai idonsa ya kawo ruwa. Da hannunsa ya kafa sandunan, ya zagaye gonar, ya sa har a tsakiya don kada wani lungu ya yi duhu. Ban ko nuna masa wuri ba. Kullum da safe sai ya shiga kwalekwale ya bi su yana goge faifan solar da hularsa.

Mamanki ta zo ta isar da saƙonki. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tun da nike ban taɓa jin haske ya hana shuka ba. Ki duba ta, ta taɓa kyau irin na bana? In na kashe su, ɗiyar taki za ta zo daga Japan ta kwana tana korar min dorina?" Mutane suka ce boko ne ya yi miki yawa. Wata ma ta ce baƙin ciki kike yi da shirinmu. Ni na ce a yi miki uzuri, kin daɗe ba ki ga gona ba.

Gaskiya ya faɗa, ta yi kyau. Ta fi mutum tsayi, ganyenta har baƙi-baƙi yake don ƙoshi. Dorina kuwa ko kusa ba ta zo ba. Kowa ya yanke tasa, an sheƙe, an kai gida, ita tana nan tsaye kamar ranar da ta fara tasowa. Yanzu ya daina dariya. Na wuce shi shekaranjiya da hantsi, ruwa iya ƙirjinsa, yana tsaga kara da farce yana neman ciki. Ya tsaga wannan ya yar, ya tsaga wancan. Na rage gudun jirgi na ce, "Baba, ya gona?" Ya ce, "Nawa dai ta yi, ɗiyata, tana tafe." Na ce Allah ya kawo ta.

Kin ce irin Babana ne. Na fi ki sani, ni nake tsince masa tsakuwa a ciki. Gara ya bi Babana da ya kwana a rumbun mutumin da ya ce gidanmu ya rufe. In kina so ki tona, ki tona. Lokacin ya riga ya wuce.

Yasira

*

Japan
Watan Nuwamba

Yasira,

A gaida Inna. Shekaru nake koyon abin nan don a warkar da mutane, ke kika mayar da shi wuƙa, kika ba ni na wasa miki. Ba zan tona ba, saboda Inna. Amma ba ni da sauran magana da ke.

Christiana

*

Tungar Altine
Watan Disamba

Christiana,

Gaisuwa. Na san kin ce ba ki da magana da ni, amma wannan ki karanta. Inna tana nan yadda kika sani, sanyi ya ɗan taɓa ta.

Baƙin ruwa ya zo. Baba Sallau ya cire fitilun da ya ga ya fara hawa, amma aikin ya riga ya gama. Ruwan ya hau a hankali ya shanye ta tana kore. Ya bi gonar da kwalekwale kusurwa kusurwa, bai sami kai ko ɗaya ba.

Ran Juma'a bayan masallaci ya shigo gidanmu da dattawa. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar Inna, ya cire hula. Ya ce da Inna, "Yaya Tamada, shinkafar Lawali ta ƙi ni. Na ci haƙƙin marainiya, ita kuwa ta saka min da alheri, Allah ya nuna min iyakata. Ga gonarku, na cire turakuna." Yana magana yana kuka, majina har gemu. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na tsaya na kalle shi sosai, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Abin da kawai ya rage mini daɗin shi ne godiyar da ya juyo yana yi mini.

Da suka fita Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Baɗi sai ki shuka muna ita da hannunki, ki nuna musu." Kin san kunnenta ya yi nauyi, ta ji an dawo da gona, ba ta ji sauran ba. Na tashi na fita.

Washegari na ɗauki kwalekwale na je gefen tudu inda kan ganyen yake ɗan leƙowa. Na nutsa na tono gindi ɗaya da saiwarsa, mai rai. Na dasa a baho da laka. Na gaya wa Inna ruwa ya ci gonar amma na tsirar da uwa, daga ita za mu tayar da iri.

Na san shuka tana son rana. Amma kin ce dogon dare take jira, kuma ni na hana ta dare tun damina. Sai na saka bahon a tsohon rumbun Babana, na rufe, na liƙe bakin da laka, babu inda haske zai shiga dare ko rana. Na soka gora ta gefe ina zuba mata ruwa. Ba na buɗewa, kada in katse mata. Daidai na yi? Yaushe zan fito da ita? Ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ki, don ke kika san abin nan.

Zan je Warra kowace kasuwa in duba.

Yasira

*

Japan
Ƙarshen Janairu

Yasira,

Ki fito da ita yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Ki fasa bakin rumbun. Ba duhun dare da rana take so ba. Da rana take cin abinci, in babu rana yunwa za ta kashe ta. Ki bar ta a rana tun safe, da la'asar sakaliya ki kifa mata ganga, ki buɗe bayan fitowar rana. Ki kare ta daga sanyi. In akwai ko ɗigon kore a gindin, za ta iya tsirowa.

Hotunan takardarki sun shigo tun ranar da kika turo. Na ga sunanki na ƙi buɗewa. Na ce yadda kika bar ni ina jira, ke ma ki ɗanɗana. Duk ranar kasuwar Warra ina ganin kiranki yana shigowa, ina kallo har ya yanke, ina jin daɗi. Yau na buɗe.

Ya jikin Inna? Ki gaya mini abin da kika tarar.

Christiana

*

Tungar Altine
Watan Fabrairu

Christiana,

Muna lafiya. Daga Warra ban tsaya cinikin komai ba, na shiga jirgin farko na dawo, na fasa rumbun da tabarya. Ta yi fari fat, ta kwanta a cikin bahon. Na ɗago ta sai ta narke a hannuna, tana wari. Na tona gindin da yatsa, na wanke a ruwa, na duba a rana. Babu kore.

Ni na kashe gona guda, ban musa ba, kuma har yau in na tuna kukan mutumin nan ina jin sanyi a raina. Ta ƙarshen kuwa mu biyu muka kashe ta, kada ki cire kanki. Kin ce kin ji daɗi. To, yanzu kin san yadda yake.

Gonar tana nan, tawa ce. Baba Sallau ya ce in ruwa ya janye zai zo ya taya ni gyara.

Bahon na mayar da shi rumbu na rufe. Inna ba ta iya zuwa can. Kullum da safe in na kai mata kunu sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ta hidda kai?" Ina ce mata saura kaɗan. Ta ce in gaya miki ki daure ki zo da kaka, ita da kanta za ta dafa miki 'Yar Gungu, ko a zaune ne.

Ke kika iya bayani. Ki zo ki gaya mata.

Yasira